Ku Tambayi Anti: Jarrabawar da ba a ba da sakamakonta, dole ne yarona ya rubuta?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka taru min wannan karon kusan duk kan magana ɗaya suke, wato jarrabawar gwajin tambayoyi da ake ba yara a makarantun New York, kuma yawancinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, sai na ce bari in haɗa su wuri guda in huta. Na Kano da na Maraɗi kar ku ce ba ruwanku, akwai wani malami daga Zariya da ya tsoma baki a ƙasa, kuma bai zo da wasa ba.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da bayani. Ni 'yar zangon Kumasi ce amma shekarata tara a Bronx a birnin New York, yarana uku, babban yana aji 4. Watan jiya suka gama babbar jarrabawar jiha, ta Turanci da ta lissafi, wallahi yaron nan har ramewa ya yi, cikin dare zai tashi yana ce min Mama in na faɗi za su mai da ni baya. Mun samu an gama mun ce alhamdulillah, sai ga shi shekaranjiya ya dawo da wata takarda a jaka duk ta cukuikuye, wai ajinsu na cikin waɗanda aka zaɓa za su sake yin wata, wai ita fil tes. Na tambayi maƙwabciyata 'yar Senegal ta ce ita bara ta rubuta musu ta ce ɗanta ba zai yi ba kuma ba abin da ya faru. Baban yara kuma ya ce kar in soma, mu baƙi ne a ƙasar mutane, abin da makaranta ta ce shi za mu bi. Ni dai na rasa na kamawa. Mene ne fil tes ɗin nan tukunna? In bai yi ba za a rage masa maki ne? Daga Maman yara, Bronx.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman yara, sannu da hidima, Allah ya raya mana su. Ki kwantar da hankalinki tukunna. Kin san in aka ɗora miyar biki, kafin a fara zuba wa baƙi sai uwar girki ta ɗiba a ludayi ta miƙa wa wata ta ce ɗanɗana min gishirin nan. To yaronki a wannan harkar shi ne mai ɗanɗanawa, tambayoyin su ne miyar. In gishiri ya zarce ai ba mai ɗanɗano za a kama ba.

Ga yadda abin yake. Jihar New York tana ba wani kamfani kwangila ya riƙa haɗa mata jarrabawar da yara 'yan aji 3 zuwa aji 8 suke yi duk shekara. Kamfanin zai rubuta sababbin tambayoyi rututu, amma ba zai iya ɗaukar tambaya haka kawai ya jefa ta a jarrabawar baɗi ba, sai an gwada ta a kan yara na gaske an ga yadda ta yi, wannan gwajin shi ne fil tes. Za su duba yara nawa cikin ɗari suka ci ta. In kowa ya ci, ba ta bambance komai ba, in kuma kusan kowa ya faɗi, ta yi wa ajin tsauri. Abin da ya fi ba su tsoro shi ne tambayar da yara masu ƙoƙari suka fi faɗuwa a kanta alhali masu rauni suna ci, wannan alama ce akwai lauje cikin naɗi, ko dai amsoshi biyu ne daidai ko kuma lafazin ya rikice har mai zurfin tunani ya fi saurin ɓacewa. Suna kuma duba ko tambayar tana cutar wani rukuni, mata ko maza, ko yaran da Turanci ba shi ake yi a gidansu ba kamar naki. Ki ɗauka an kawo lissafi mai sauƙi amma an naɗe shi cikin labarin wasan zamiya a kan ƙanƙara, yaron da ya zo daga Agadas bara ya iya lissafin sarai, labarin ne zai kayar da shi. Irin wannan tambayar ake so a kama tun kafin ta shiga inda ake ba da maki.

Gwajin nan iri biyu ne, kuma nan ne yawancin iyaye suke ruɗewa. Akwai wanda ake cusawa a cikin babbar jarrabawar, wato waccan da ta ramar miki da yaro, a cikinta akwai wasu tambayoyi da ba a lissafa su a maki, shi bai sani ba malamarsa ma ba ta san waɗanne ba ne. Wannan ya riga ya yi ya wuce. Na biyun shi ne wanda takardarsa ta zo miki, mai zaman kansa, ana yinsa wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni bayan an gama ta gaskiyar, ba kowace makaranta ba, jiha ce take zaɓa ta ce ku ajinku kaza za su yi darasi kaza. Zama ɗaya ne. Sakamako kuwa babu, ke ba za ki gani ba, malamarsa ba za ta gani ba, firinsifal ma haka. Ba ya shiga rifot kad, ba ya hana shi wucewa aji 5. Don haka amsar tambayarki ta ƙarshe ita ce a'a, ba maki a ciki balle a rage.

Maƙwabciyarki kuwa ba ita ta fara ba, abin yana da tarihi, kuma tarihin har da dariya a ciki. A watan Afrilun 2012, lokacin kamfanin Pearson ne ke riƙe da kwangilar, ta dala miliyan 32 ta shekara biyar, sai aka kawo wa 'yan aji 8 wani labari a jarrabawar Turanci. Wai abarba ce mai magana ta ce wa zomo su yi tsere. Sauran dabbobi suka ce kai, abarbar nan ba ta da ƙafa amma ta nemi tsere, lallai akwai dabarar da ta ɓoye, sai suka koma bayanta. Aka fara gudu, zomo ya zura ya kai, abarba tana nan inda aka ajiye ta ko motsi. Sai dabbobin suka taru suka cinye ta. Ƙurunƙus. To sai aka tambayi yara wai me ya sa dabbobin suka cinye abarbar, kuma wace dabba ce ta fi hikima a maganarta. Yara suka fito suna kallon juna, malamai ma suka kasa haɗuwa kan amsa ɗaya, jaridu suka ɗauka, har kwamishinan ilimi na jihar na lokacin, John King, ya fito ya ce ba za a lissafa tambayoyin ba. Ni da na karanta labarin cewa na yi ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta fi wannan kan gado.

Ana cikin wannan tsiya sai ga shi a watan Yuni na shekarar an ce yara su sake zama su gwada wa kamfanin nan sababbin tambayoyi, kyauta, a lokacin darasi. Nan iyaye suka ce ba su san zance ba. Wasu suka rubuta takardar ƙi, wasu suka kwashi yara suka je ƙofar ofishin kamfanin a Manhattan da kwalaye da hotunan abarba. Daga nan wutar ta ci gaba. A 2013 aka sauya jarrabawar zuwa sabon tsarin karatu da ake kira Common Core, sai waɗanda suka ci suka faɗo zuwa kashi 31 cikin ɗari, ga shi kuma ana auna malamai da makin ɗalibansu, malami ya koma ba abin da yake koyarwa sai dabarun cin jarrabawa. Zuwa 2015 yaro ɗaya cikin biyar a jihar, sama da yara 200,000, iyayensu sun hana su rubuta ita kanta babbar jarrabawar, a yankin Long Island ma kusan rabi. A shekarar aka karɓe kwangilar daga Pearson aka ba kamfanin Questar. A 2016 aka cire ƙayyade lokaci, yaro ya rubuta har ya gama, a 2018 aka rage kwanakin daga uku-uku zuwa biyu-biyu. Duk wannan sauƙin da yaronki ya samu, iyaye ne suka ƙwato shi da takardar ƙi.

Amma bari in gaya miki wani abu da masu zanga-zanga ba su cika son a faɗa ba. Cikin abubuwan da iyaye suka nema har da a riƙa fito da tambayoyin bayan jarrabawa kowa ya gani, kuma an yi, tun 2016 ana sakin kashi 75 cikin ɗari. To tambayar da ta fita intanet ta mutu, ba za a sake amfani da ita ba, dole duk shekara a ƙera sababbi da yawa, sababbi kuma sai an gwada. Kin ga gaskiyar da aka nema ita ma tana ƙara yawan gwajin. Sannan in duk yaranmu na baƙi muka janye su, za a auna tambayoyin da yaran wasu kawai, waccan tambayar ta ƙanƙara ta wuce sumul ba wanda ya kama ta. Wannan ya taɓa sa ni jinkiri a kan nawa yaran, ba zan ɓoye miki ba.

Duk da haka in ni ce ke, a kan wannan yaron a wannan shekarar, rubutawa zan yi in ce ba zai yi ba. Yaron da yake farkawa cikin dare saboda jarrabawa ba shi ya kamata a ƙara wa wata don amfanin kamfani ba. Kuma ita kanta mai zaman kanta ɗin nan masana awo sun daɗe suna kushe ta, dalilinsu mai sauƙi ne, yara ba wawaye ba ne, a watan Yuni ga zafi ga hutu ya ƙarato, sun san ba maki, sai su yi ta cika A B C D kamar masu zanen lalle su tashi. Na taɓa tsayawa a kan wani aji ana irin wannan, wani yaro ya gama cikin minti shida ya kifa kai a tebur, na ce har ka gama? ya ce Malama ai kin ce ba a gani. Tambayar da ba ta da wuya sai ta fito kamar mai wuya saboda ba wanda ya karanta ta. Wanda aka cusa a cikin ta gaskiya ya fi ba da sahihin awo nesa ba kusa ba.

Yadda za ki yi kuwa ba wahala. Takarda layi uku ta isa: sunan yaro, ajinsa, kwanan wata, ki ce ba ki yarda ya yi fil tes ba, a ba shi littafi ya karanta ko wani aiki a lokacin, ki sa hannu. Ki ɗau hotonta a waya kafin ki ba shi, ɗaya ta je wa firinsifal ɗaya ta je wa malamar aji, in kina da imel ɗin makarantar ma ya fi, don jakar ɗan aji 4 kin dai ga yadda take yi da takarda. Makarantun gwamnati na birnin suna da jami'in hulɗa da iyaye, aikinsa kenan, ki neme shi. In Turancin ofis yana ba ki wuya ki ce a haɗa ki da tafinta ta waya, kyauta ne, haƙƙinki ne, kar ki ji kunya. Shi kuma Baban yara ki lallaɓa shi, tsoronsa ba na banza ba ne, ki ba shi amsar da ke ƙasa ya karanta don kusan maganarsu ɗaya da mai tambayar.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni direban tasi ne a Harlem, mutumin Damagaram. Uwargida ta dage sai mun cire yara daga duk wata jarrabawar jiha gaba ɗaya, wai a guruf ɗinsu na WhatsApp aka ce duk ɓata lokaci ne. Ni kuma takarduna ba su gama fitowa ba, ba na son abin da zai sa sunana ya shiga wani ofis. Na ce mata to ranar kawai mu bar su a gida mu ce ba su da lafiya, shikenan ba rigima. Ya kika gani?

AMSA: Alhaji barka kadai, Allah ya kawo kasuwa ya tsare hanya. Dabararka ta barin su a gida ita ce mafi muni cikin duka, yi haƙuri na faɗa kai tsaye. Rashin zuwa makaranta shi ne abin da ake rubutawa a rajista, in ya yi yawa shi ne yake sa a fara kiran waya ana tambaya, kuma babbar jarrabawar tana da ranakun cike gurbi, yaro zai dawo ranar Litinin a zaunar da shi shi kaɗai ya rubuta abin da ka ɓoye shi saboda shi. Ga ƙarya da ka koya masa a banza. Takardar ƙi kuwa magana ce tsakaninka da makaranta, ana sa alama a gaban sunan yaro cewa an ƙi, iyakarta kenan. Ba laifi ba ne a doka, iyaye dubu ɗaruruwa sun yi. Kai, a 2016 da aka zaɓi Betty Rosa ta shugabanci hukumar ƙoli ta ilimi ta jihar, matar da ta yi aikinta na makaranta a nan Bronx, ta gaya wa 'yan jarida cewa da ita uwa ce mai yaro a lokacin kuma ba ta cikin hukumar, da ta cire ɗanta. Daga baya ma ita ta zama kwamishina. Maganar takardunka kuwa wannan ta lauyanka ce, ka riƙa tambayarsa duk abin da ya shige maka duhu, ba guruf ba.

Sai dai Uwargida ita ma ta kwashe da faɗi da yawa. Guruf ya haɗa hatsi da tsakuwa ya ce duk ɗaya ne. Ta gwaji daban, babbar ta aji 3 zuwa 8 daban. Ita babbar tana da sakamako, mataki 1 zuwa 4, kuma ko da yake dokar jihar ta 2014 ta hana a ɗauke ta ita kaɗai a yanke wa yaro hukuncin wucewa ko maimaita aji, tana nuna maka wani abu. Mu da yawa ba ma iya duba aikin gidan yaranmu, wani ya yi boko da Faransanci, wata allo kawai ta yi, malama kuma kullum in ka je sai ta yi murmushi ta ce yaron kirki ne. Yaron kirki ne amma ya iya karatu? Wani lokacin wannan takardar ce kaɗai za ta gaya maka ɗanka na aji 5 yana karatu irin na aji 3. Sannan akwai makarantu irin Hunter da suke duba makin aji 5 kafin su bar yaro ya zauna jarrabawar shigarsu, in kana da wannan burin ka tambaya kafin ka sa hannu a komai.

Akwai kuma waɗanda ko kusa kar ku taɓa su da wannan maganar. In an sa yaronka a rukunin masu koyon Turanci, akwai jarrabawar Turanci ta musamman da suke yi duk shekara, da ita ake gane ya ƙware a fitar da shi daga rukunin, ka hana shi ka ɗaure shi a inda yake. Haka Regents ta sakandare, da SHSAT ta shiga manyan makarantu irin Bronx Science da Stuyvesant da Brooklyn Tech. Abin dariya ita SHSAT ɗin ma, a tsarin da aka kawo a 2017, cikin tambayoyi 114 guda 20 na gwaji ne ba a lissafa su, kuma ba yadda za a yi yaro ya gane su, don haka ka ce masa ya ɗauki kowace tambaya kamar ita ce za ta shigar da shi.

Dokar tarayya, tun daga ta zamanin Bush a 2002 har wadda Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015, tana so kashi 95 cikin ɗari na yaran makaranta su rubuta babbar jarrabawa, shi ya sa za ka ga firinsifal yana ta lallashi in takardun ƙi suka yi yawa. Nauyin makaranta ne wannan, kuma ta gwaji ba ta cikin lissafin. Ku zauna da Uwargida ku ware su ɗaya bayan ɗaya, yaro bayan yaro.

TAMBAYA: Anti ni malamin firamare ne a Zariya, shekarata 19 ina koyarwa, ƙanwata da ke Amurka ce ta ba ni labarin nan a waya. Gaskiya abin ya ba ni haushi. Mu nan yara 90 a aji ɗaya, wasu a ƙasa suke zama, uba zai sayar da akuya ya biya kuɗin WAEC, su kuma can an kawo jarrabawa kyauta har cikin aji suna cewa ba sa so. Wannan ba ƙoshi ba ne? Kuma ai mu ma muna da mok, ban taɓa jin wanda ya ce ɗansa ba zai yi ba.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri, shekara 19 da alli a hannu ba wasa ba, kuma haushinka na gane shi, wanda bai ci ba in ya ga ana ture kwano dole ransa ya sosu. Amma mok da wannan ba ɗaya ba ne. Mok ɗin da makaranta take yi wa 'yan aji shida na sakandare, ko wanda JAMB ta fara a 2017 ga mai so, yaro yana ganin makinsa, ya san inda ya gaza, ya saba da zama gaban kwamfuta kafin ranar gaske. Shi ya ci riba. A wannan kuwa yaro ya ba da lokacinsa, kamfanin da aka biya miliyoyin daloli ya kwashe amsoshin ya tafi, ko na gode babu. Ka ɗauka wani ya shigo ajinka ranar Laraba ya ce Malam dakata da darasin nan, yaranka za su cika min wasu takardu, kai ba za ka ga abin da suka rubuta ba, iyayensu ma ba sai sun sani ba. Ai ko ba ka hana ba za ka tambaye shi waye ya aiko shi. Kuma abin da ya fi ƙona wa iyayen can rai kenan a farkon lamarin, da yawa ba a ma sanar da su ba, sai yaro ya dawo gida ya ce yau ma mun yi tes.

Inda nake tare da kai shi ne gwada tambaya kafin a yi hukunci da ita abu ne mai kyau, ba abin gudu ba. Kai kanka ka sani, sau nawa ka haɗa tambayar ƙarshen zango kana ganin ta fito tas, sai da ka zo makin ka ga rabin aji sun fahimce ta ta wata fuska, har yarinyar da take zuwa ta ɗaya? Ka gwada wannan in ka samu hali, tambayoyin da za ka ba aji 5A ka fara ba yara goma na 5B mako biyu kafin nan, ka ga wacce ta rikita masu ƙoƙarin cikinsu, ka gyara ta. Ka yi fil tes kenan ba kwangila ba dala. Sai dai kai za ka dawo ka yi musu gyara a allo, su ma su ƙaru.

TAMBAYA: Anti mu muna Houston ne, abin da kike faɗa na New York ya shafe mu? Daga wata ƙanwarki.

AMSA: Ƙanwata a'a, kar ki ɗauki takardar Bronx ki kai Texas. Ilimi a Amurka harkar jiha ce, kowacce da dokarta. A Kalifoniya doka ta fito fili ta ba iyaye damar rubutawa su cire yaro daga jarrabawar jiha, Oregon ma ta yi irin wannan dokar a 2015. New York ba ta da dokar da ta ce ga damar, al'ada ce ta zauna har hukuma ta saba. Texas kuwa dokarta cewa ta yi ba ka da ikon cire yaro daga aji don guje wa jarrabawa, kuma STAAR, jarrabawar jiharku, ta sakandare tana cikin sharuɗɗan kammala makaranta, ba abin wasa ba ce. In takarda ta zo miki, abu uku za ki tambayi makaranta kuma ki ce su ba ki amsa a rubuce: wannan ta gwaji ce ko ta gaske, wa zai ga sakamakon, in yaro bai yi ba me zai biyo baya a dokar gundumarku. Ki turo min abin da suka ce, in da abin dubawa sai mu duba tare a fitowa ta gaba.